Yaron Aike a Cikin Ƙwayar Halitta da Yadda Kwalara Ke Lalata Saƙonsa

Duk wanda ya taso a unguwa irin Ɗorayi, a birnin Kano, ya san ƙa'idar shiga gidan mutane. Baƙo namiji ba ya ratsa zaure ya faɗa kan matan aure. Yakan tsaya daga ƙofa ya yi sallama, sannan ya dubi yaron da ke wasa a kan dakali ya ce, "Kai yaro, shiga ka ce ana sallama da maigida." Yaro ya ruga ciki ya isar da saƙo, nan da nan gida ya motsa. Wannan ta ɗauko tabarma, waccan ta ɗebo ruwa a randa, maigida ya zura riga ya fito. An yi wannan hidima duka alhali baƙon bai wuce bakin zaure ba.

Masana kimiyyar rayuwa sun gano cewa kusan haka ake isar da saƙo a cikin jikin ɗan Adam. Jikin baligi ya ƙunshi ƙwayoyin halitta wajen tiriliyan 30, kowacce kewaye da wani siririn tantani na maiƙo wanda yake matsayin katangar gida. Yawancin saƙonnin da jini ke kawowa ba sa iya ƙetare wannan katanga. A bakin ƙofa suke tsayawa, wani ɗan ƙaramin sinadari da ke ciki ya ɗauki maganar ya kai lungu-lungu. Sinadarin da ya zo daga waje shi ake kira ɗan aike na farko, na cikin kuwa ɗan aike na biyu.

Wannan ilimi ya shafi rayuwar mutanen Kano kai tsaye. Cutar kwalara, wadda aka fi sani da amai da gudawa, ta hanyar wannan ɗan aike na biyu take kashe mutum. Haka kuma ruwan gishiri da sukari da ake ba wa mai cutar yana aiki ne saboda akwai wata ƙofa a hanji da cutar ba ta iya rufewa.

Mene Ne Inzayim?

Kafin a fahimci tafiyar saƙo, tilas a san ma'aikatan da ke ɗaukarsa. Yawancinsu inzayim ne, wato wasu nau'o'in furotin da ke gaggauta sauya wani sinadari zuwa wani, ba tare da su kansu sun ƙare ba. Ɗalibi zai iya jarraba wannan da kansa. Idan ya gutsuri gurasa ya yi ta taunawa bai haɗiye ba, zai ji ta fara zaƙi, domin inzayim ɗin da ke cikin yawu yana farfasa sitaci yana mayar da shi sukari. Haka nan matan da ke naɗe nama mai tauri a ganyen gwanda, inzayim ɗin da ke cikin ƙaron gwandar ne ke tausasa musu shi.

Kowane inzayim da irin aikinsa, kamar yadda kowane kwado yake da mabuɗinsa. Guda ɗaya yana iya maimaita aikinsa sau ɗaruruwa ko dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Bugu da ƙari, ana iya kunna shi, ana iya kashe shi. Wannan siffa ta ƙarshe ita ce ginshiƙin aika saƙo a cikin ƙwayar halitta.

Yadda Aka Gano Ɗan Aike na Biyu

Idan kare ya biyo yaro, ko ɗan Adaidaita Sahu ya yi kan mai tafiya a ƙasa, wasu gaɓoɓi ƙanana biyu da ke saman ƙoda sukan zuba homon ɗin adiranalin a cikin jini. Cikin ƙiftawar ido zuciya ta ƙara bugu, hanta kuma ta saki sukarin da ta adana domin ƙafafu su sami ƙarfin gudu. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce, ta yaya adiranalin ke sa hanta wannan aiki?

Wani likita Ba'amurke, Earl Sutherland, shi da abokin aikinsa Theodore Rall, suka amsa tambayar a birnin Cleveland. Sun niƙa hanta, suka raba niƙan gida biyu: ɓarɓashin tantani a gefe ɗaya, ruwan cikin ƙwayoyin a ɗaya gefen. Da suka zuba adiranalin a ruwan shi kaɗai, babu abin da ya faru. Da suka zuba shi a kan ɓarɓashin tantani, sai wani sabon sinadari ya samu, wanda ko an tafasa shi ba ya lalacewa. Da aka ɗiba wannan sinadari aka zuba a ruwan, sai inzayim mai sakin sukari ya tashi ya kama aiki, ko da babu ɗigon adiranalin a wurin. Sun buga sakamakon a 1957, kuma a 1958 aka tabbatar da siffar sinadarin, wanda ake rubuta sunansa a taƙaice cAMP. Da wannan aiki Sutherland ya sami lambar yabo ta Nobel a 1971.

Zangunan Saƙo

Mai azumi misali ne mai kyau na yadda saƙon ke tafiya. Idan aka kai la'asar, sukarin da aka ci da sahur ya daɗe da barin hanji, amma ƙwaƙwalwa ba ta daina buƙatarsa ba. Sai fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, ta saki homon mai suna gulukagon. Hanta kuwa tana da rumbun da ke ɗauke da kimanin giram 100 na sukari a dunƙule, wanda ake kira gilaikojin. Daga zuwan homon zuwa buɗe rumbu, saƙo yana bin zanguna biyar.

Da farko, homon yana manne wa wani furotin da ke dashe a tantani, rabinsa waje rabinsa ciki. Sunansa makarɓi, kuma kowane homon da nasa. Da zarar baƙo ya zauna a kansa, sai ɓangaren da ke ciki ya sauya siffa.

Na biyu, makarɓi yana zungurar wani furotin da ke jingine a bayan tantani, wanda ake kira furotin G. Wannan kamar makunnin lantarki yake. Idan yana riƙe da sinadarin GDP a kashe yake, idan ya sake shi ya ɗauki GTP ya kunnu. Martin Rodbell da Alfred Gilman ne suka gano shi, suka sami lambar Nobel a 1994.

Na uku, furotin G da ya kunnu yana tada inzayim mai suna adenilet saikiles. Aikin wannan inzayim shi ne ya ɗauki ATP, sinadarin da ƙwayar halitta ke ajiye ƙarfi a cikinsa, ya mayar da shi cAMP. A nan aka haifi yaron aike.

Na huɗu, cAMP yana bazuwa cikin ƙwayar ya tada wani inzayim da ake kira kaines A. Sana'ar kowane kaines ita ce liƙa wa wasu furotin ɗan guntun fosfet, kamar yadda akawu ke buga hatimi a takarda. Furotin da aka buga wa wannan hatimi ko dai ya tashi aiki ko ya tsaya. Edmond Fischer da Edwin Krebs ne suka bayyana wannan hanya tun daga 1955, aka ba su Nobel a 1992.

Na biyar, kaines A yana buga wa wani kaines hatimi, shi kuma ya buga wa inzayim mai farfasa gilaikojin. Rumbu ya buɗe, sukari ya kwarara cikin jini.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa aka yi doguwar hanya haka? Dalili shi ne a kowane zango saƙon ninkuwa yake yi. Makarɓi ɗaya yana kunna furotin G da dama, kowane saikiles yana ƙera cAMP masu yawa, kowane kaines yana buga hatimi a kan furotin barkatai. Ta haka ƙwayar homon guda ɗaya tal take jawo sakin dubban ƙwayoyin sukari. Ma'aikacin masana'anta a Sharaɗa ya san irin wannan: yatsa ɗaya ke danna jiniya, amma mutum ɗaruruwa ke tashi su kama injuna.

Saƙo Sai da Mai Tsayar da Shi

Yaron da aka aika ya ce ana sallama, idan ya faɗa sau ɗaya ya koma wasansa, ya yi aikin kirki. Idan kuwa ya tsaya tsakar gida yana ta maimaitawa har dare, gida ba zai zaunu ba. Saboda haka jiki ya tanadi hanyoyin kashe saƙo. Furotin G da kansa yana da agogo a jikinsa, domin bayan ɗan lokaci kaɗan yakan yanke GTP ɗin da yake riƙe da shi ya mayar da shi GDP, ya kashe kansa. Akwai inzayim mai suna fosfodayestares wanda ke bi yana rushe cAMP. Akwai kuma wasu da ke ɓamɓare hatimin fosfet daga jikin furotin.

Abin sha'awa, sinadarin kafin da ke cikin goro da shayi da gahawa yana iya rage ƙarfin fosfodayestares idan ya yi yawa, har ma masu bincike na farko sun riƙa zuba shi a kwalaben gwajinsu don cAMP ya daɗe bai rushe ba. Amma wartsakewar da mai cin goro ke ji ta fi zuwa daga wata hanya dabam: kafin yana toshe makarɓin wani sinadari mai sa gyangyaɗi a ƙwaƙwalwa.

Ba cAMP kaɗai ne yaron aike ba. Akwai ɗan'uwansa cGMP, wanda ke sassauta jijiyoyin jini, kuma yake da hannu a aikin gani. Akwai IP3 da DAG, waɗanda wani inzayim ke yankowa daga maiƙon tantani. Akwai kuma kalsiyam, wanda ke sa tsoka ta motsa. Ɗan Adam yana da makarɓai wajen iri 800 masu aiki da furotin G, kusan rabinsu na shaƙar ƙamshi da wari ne. Ƙamshin tsire da ke tsayar da mai wucewa, cAMP ne ya kai labarinsa daga hanci zuwa jijiya. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na magungunan asibiti a kan irin waɗannan makarɓai suke aiki, ciki har da abin shaƙa na masu asma.

Kano a 1996

Annobar kwalara ta bakwai da ta game duniya ta faro daga Indonesiya a 1961, ta iso Nijeriya a ƙarshen 1970. A 1991 an ƙidaya fiye da mutum 59,000 da suka kamu a ƙasar, fiye da 7,600 suka rasu. A Jihar Kano, tsakanin Disamba 1995 da Mayu 1996, an ba da rahoton mutum 5,600 sun kamu, 340 sun rasu, a daidai lokacin da sanƙarau da ƙyanda su ma suke ɓarna. A 2021 cutar ta sake dawowa da ƙarfi, ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

A lokacin annobar 1996 an yi wani bincike a Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. An kwatanta masu kwalara 102 da masu sanƙarau 77 da ke kwance a asibitin, aka tambayi kowa irin ruwan da yake sha da yadda yake cin abinci. Sakamakon ya nuna cewa masu kwalarar sun fi shan ruwan da ake sayarwa a titi, kuma sun fi ƙarancin wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Abin da Dafin Ke Yi a Hanji

Ƙwayar cutar kwalara, Vibrio cholerae, mai siffar waƙafi ce. Filippo Pacini ya gan ta a Italiya a 1854, Robert Koch ya ware ta a Kalkata ta Indiya a 1884. Amma an daɗe ba a san yadda take kisa ba, domin ba ta shiga jini, kuma idan aka duba hanjin mai cutar sai a tarar bangonsa kusan lafiya lau. A 1959 wani likita Ba'indiye, Sambhu Nath De, ya nuna cewa ruwan da aka tace ƙwayoyin daga cikinsa ma yana sa hanjin zomo ya cika da ruwa. Ashe dafi take fitarwa.

A kullum lita takwas zuwa tara na ruwa ke bi ta hanjin baligi, idan aka haɗa abin da ya sha da yawu da sauran ruwan narkar da abinci. Hanji yana tsotse kusan dukkansa, abin da ke fita da bayan gida bai kai cikin kofi ɗaya ba. Ƙa'idar ita ce ruwa gishiri yake bi. Gishiri kuwa kashi biyu ne, sodiyam da kuloraid. Idan ƙwayoyin bangon hanji suka jawo sodiyam ciki, ruwa ya bi shi zuwa jini. Idan suka buɗe ƙofar kuloraid ya fita, ruwa ya bi shi zuwa cikin hanji. Mai buɗe wannan ƙofa ta kuloraid, wadda ake kira CFTR, shi ne kaines A, bisa umarnin cAMP.

Dafin kwalara yana da sassa shida. Biyar daga ciki suna kama tantanin ƙwayar hanji, su sa a shigar da dafin ciki. Na shidan inzayim ne. A 1978 aka tabbatar da abin da yake yi: yana liƙa wa furotin G wani guntun sinadari a daidai wurin da agogonsa yake. Daga nan furotin G ba ya iya yanke GTP, wato ba ya iya kashe kansa. Saikiles ya yi ta ƙera cAMP babu tsayawa, har ya fi ƙarfin mai rushe shi. Ƙofar kuloraid ta zauna a hangame, babbar hanyar shigar sodiyam kuma ta toshe. Yaron aike ya tsaya tsakar gida yana ta shela, alhali babu baƙon da ya yi sallama.

Sakamakon shi ne gudawa fara, tsararo, mai kama da ruwan da aka wanke shinkafa. Baligi yana iya zubar da lita ɗaya a cikin awa ɗaya. Idanu su faɗa, fatar yatsu ta yamutse, fitsari ya ɗauke, jini ya yi kauri, bugun jijiya ya ɓace. Mutumin da ya fita aiki da safe lafiya ƙalau yana iya rasuwa kafin wayewar gari. Idan cutar ta yi tsanani kuma ba a yi magani ba, tana iya kashe rabin waɗanda ta kama. Ƙwayar hanjin da dafi ya shiga ba ta komawa daidai, amma bangon hanji yana sabunta kansa cikin kwana uku zuwa biyar. Ke nan duk aikin mai jinya shi ne ya riƙe ran majinyaci da ruwa har sababbin ƙwayoyi su maye gurbi.

Ƙofar da Ta Rage a Buɗe

A 1960 wani masani, Robert Crane, ya bayyana cewa akwai wata ƙofa a bangon hanji wadda ba ta shigar da sukarin gulukos sai tare da sodiyam. Daga baya aka gano cewa wannan ƙofa ba ta ƙarƙashin umarnin da dafin kwalara ya lalata, tana nan tana aiki ko a tsakiyar cutar. Saboda haka idan aka ba majinyaci ruwa mai gishiri da sukari daidai gwargwado, sukari zai ja sodiyam su shiga tare, ruwa ya bi su.

A 1968 David Nalin da Richard Cash suka gwada wannan a kan masu kwalara a Dhaka, ya yi aiki. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh, ruwan ƙari na leda ya ƙare wa Dilip Mahalanabis a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon. Ya sa dangin majinyata suka riƙa ba su haɗin da baki, sai mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. A Nijeriya, an yayata ruwan gishiri da sukari sosai a zamanin Ministan Lafiya Olikoye Ransome-Kuti, daga 1985 zuwa 1992. A yau, inda ake ba da magani da wuri, waɗanda ke mutuwa ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba.

Mafi inganci shi ne haɗin da ke cikin 'yar leda, wanda ake samu a asibiti da kyamis, domin yana da ƙarin fotasiyam da jiki ke asara. Ana narkar da shi a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar. Idan babu, sai a sami lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, a zuba ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe, ba a tsotsa ba. Awon yana da muhimmanci. Sukari idan ya yi yawa yakan jawo ruwa zuwa hanji ya ƙara gudawa, shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbin haɗin. Gishiri idan ya yi yawa yana da haɗari, musamman ga jariri. A riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan, ko da ana amai, ana kan hanyar asibiti. Mai shayarwa kada ta daina ba da nono. Wanda ya galabaita har ba ya iya haɗiya, ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata cikin gaggawa.

Ruwan Unguwa

Mazauna kusa da masana'antun Kano sun san gurɓataccen ruwa da ido da hanci. Rafin Salanta yana ɗauke da dagwalon Sharaɗa zuwa Kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin Getsi ya faɗa Jakara. Ruwan majemu da masaƙu yana da launi da ɗoyi, kuma yana da nasa haɗarin na sinadarai. Ruwan da ke ɗauke da kwalara kuwa yana iya zama garau, babu wari babu launi, domin daga bayan gidan mutane ƙwayar ke fitowa. Yawancin waɗanda suka kamu ba sa nuna wata alama, amma suna zubar da ita har tsawon kwanaki.

Birni ya faɗaɗa fiye da abin da matatun ruwa na Challawa da Tamburawa ke iya kaiwa, don haka gidaje da yawa a unguwanni irin su Ɗorayi da rijiya da burtsatse da kurar 'yan ga-ruwa suka dogara. Mai ga-ruwa hidima yake yi wa jama'a, haɗarin yana wajen inda aka ɗebo ruwan da tsabtar jarkar da aka zuba shi. Rijiyar da ke kusa da masai, bututun da ya fashe a cikin kwata, randar da kowa ke tsoma moɗa da hannu, ta nan cutar ke shiga, musamman da damina.

A nan malami da ɗalibi suke da rawar takawa. Malamin kimiyya yana iya jera ɗalibai biyar a gaban aji, kowa ya zama zango ɗaya na saƙo, sannan a hana mai matsayin furotin G zama, ajin ya ga abin da zai biyo baya. Yana iya kawo cokali da mazubin lita ɗaya, kowane ɗalibi ya auna haɗin da hannunsa. Ɗalibin da ya koma gida da wannan sani zai iya gaya wa mahaifiyarsa dalilin da ya sa ake tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, dalilin ajiye sabulu kusa da buta, da dalilin da ya sa idan ƙaninsa ya fara gudawa da tsakar dare ba a jiran safiya kafin a fara ba shi ruwan gishiri da sukari.